Wai ko Amurka da alfarma ta fara

Makon jiya, bayan ɗaurin auren 'yar wani maƙwabcinmu, muna zaune a rumfa ana jiran abinci, sai wani yaro ɗan unguwa ya zo ya durƙusa gefen wani dattijo. Shekararsa uku da gama bautar ƙasa. Ya ce, "Baba, an buɗe ɗaukar ma'aikata, na cike fom tun watan jiya, har yanzu shiru."

Dattijon ya ce, "Ɗana, wa ya tsaya maka?"

Yaron ya ce babu kowa.

"To ka je ka nemo takardar wani babba. Fom ba ya tafiya shi kaɗai."

Wannan bai ba ni mamaki ba, kunnenmu ya saba da jin irinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani ɗan boko da ke zaune kusa da ni. Da ya ga na ɓata fuska, sai ya dafa ni ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka. Ko Amurka da haka ta fara. Shugabanninta na farko da wasiƙun manya suke raba aiki, kuma ga ta nan ta zama abin da ta zama."

Wurin biki ba wurin gardama ba ne, sai na yi shiru. Amma maganar ta bi ni har gida, don ba ranar na fara jin ta ba, kuma kullum daga bakin masu karatu take fitowa.

Ga matsayina. Rabin maganar gaskiya ne: Amurka ta yi shekara 94, daga 1789 zuwa 1883, tana raba aikin gwamnati ta hanyar sanayya da wasiƙa da jam'iyya. Amma wanda ya bi tarihin nan har ƙarshensa ba zai kafa hujja da shi don wanke alfarma ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne yadda shaidar mutumin kirki take rikiɗewa sannu a hankali ta koma ciniki, da kuma irin tsadar da ƙasa ke biya kafin ta farga.

Abin da yake gaskiya a maganarsa

Lokacin da aka rantsar da George Washington, shugaban Amurka na farko, a birnin New York a watan Afrilun 1789, babu hukumar ɗaukar ma'aikata, babu jarrabawa, babu fom. Ƙasar ba ta cika mutum miliyan huɗu ba, kuma kusan 700,000 daga cikinsu bayi ne. Ana bukatar masu karɓar kuɗin fito a tashoshin jiragen ruwa, da alƙalai, da lauyoyin gwamnati, da masu kula da gidajen waya, a garuruwan da saƙo kan yi mako biyu ko fiye a kan doki kafin ya isa.

To ta yaya shugaba a New York zai san wanda ya dace ya riƙe kuɗin kwastam a Savannah, can kudu? Dole ya tambayi wanda ya san garin. Wasiƙu suka yi ta kwarara. Tsoffin sojojin yaƙin neman 'yanci suna tuna masa wahalar da suka sha tare, 'yan kasuwar da suka karye suna neman madafa, 'yan majalisa suna rubutowa a madadin mutanen yankinsu. Washington yana karantawa, yana bincike a bayan fage, yana duba hali da mutuncin mutum a idon garinsu, da ko ya goyi bayan sabon tsarin mulki, yana kuma ƙoƙarin kada jiha ɗaya ta kwashe komai.

Ban ga laifin wannan ba. Inda babu wata hanyar sanin mutum, shaida ita ce hanya. Mu ma mun san haka daga Alƙur'ani. A cikin Suratul Ƙasas, ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi kuma amintacce. Shaida ce ta ba da. Amma a kan abin da ta gani da idonta a bakin rijiya ta ba da ita, ba don ɗan'uwanta ba ne, ba don tana jiran wani abu daga albashinsa ba.

Nan ne bambancin yake. Mai shaida yana faɗin abin da ya sani game da iyawarka da amanarka, kuma idan ka ci amana sunansa ne ya zube. Mai alfarma bai damu da iyawarka ba, abin da ya sani shi ne kai nasa ne, kuma idan ka yi ɓarna babu abin da zai same shi.

Akwai abin da ɗan bokon nan bai faɗa ba. A watan Yulin 1789, Bushrod Washington, ɗan ƙanen shugaban, matashin lauya, ya nemi a ba shi muƙamin lauyan gwamnatin tarayya a jihar Virginia. Baffan nasa ya rubuta masa cewa a'a. Ya ce akwai lauyoyin da suka girme shi a aikin kuma suka fi shi suna, ba zai tsallake su ba, kuma idanun jama'a suna kansa, duk wani abu mai kama da fifita dangi ko abokai ba zai wuce ba a gani ba. Bushrod ba rago ba ne, daga baya a 1798 wani shugaban ya naɗa shi alƙali a kotun ƙoli. Amma daga hannun baffansa bai samu ba.

Idan za a ce mana mu yi koyi da farkon Amurka, a haɗa da wannan wasiƙar.

Matar gidan wayar Baltimore

Ko a ƙarƙashin mutum mai taka-tsantsan irin Washington, tsarin ya fara cin mutane tun shekarar farko. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Mary Katherine Goddard.

Wannan mata ta riƙe gidan wayar birnin Baltimore tun 1775. Ita ce ke buga jaridar garin, kuma maɗaba'arta ce a watan Janairun 1777 ta buga takardar shelar 'yancin Amurka ɗauke da sunayen waɗanda suka sa hannu, a lokacin da Ingila ke kallon hakan a matsayin cin amanar ƙasa. Duk tsawon yaƙin ta riƙe aikin wasiƙu. Lokacin da kuɗin gwamnati ya zama takarda marar daraja, daga aljihunta take biyan mahayan dawakin da ke kai saƙo.

Shekara 14 tana wannan aiki. A ƙarshen 1789, sabon shugaban gidajen waya na ƙasa, Samuel Osgood, ya cire ta ya ba wani namiji mai suna John White. Dalilin da aka bayar shi ne wai aikin zai ƙunshi tafiye-tafiyen da mace ba za ta iya ba.

Mutanen Baltimore sama da 200, 'yan kasuwa da manyan gari, suka sa hannu a takardar neman a mayar da ita. Ita da kanta ta rubuta wa Washington. Ya amsa cewa ba ya sa baki a naɗin da yake hurumin shugaban ma'aikata ne. Ta kai kuka majalisar dattawa, ba a yi komai ba. Ba ta koma ofishin nan ba har ta rasu a 1816.

A tsaya a duba wannan da kyau. Idan da gaske tsarin na shaida ne, wa ya fi ta shaida? Mutum ɗari biyu da suke hulɗa da ita kullum sun tsaya mata. Amma shaidar gari guda ba ta kai nauyin ra'ayin mutum ɗaya mai riƙe da alƙalami ba. Abin da ake aunawa shi ne kusancin mai magana da kujera, ba gaskiyar abin da ya faɗa ba.

A shekarar 1789 ɗin dai, a watan Agusta, majalisar dattawa ta ƙi amincewa da Benjamin Fishbourn, tsohon soja da Washington ya zaɓa don wani muƙamin kwastam a Savannah. Shi ne mutum na farko da majalisar ta taɓa ƙi. Ba a kawo wani laifin aiki a kansa ba. Sanata James Gunn na jihar Georgia ne yake da jiƙaƙƙa da shi, sauran sanatoci suka mara wa abokinsu baya. Washington ya ji zafi, ya aika musu cewa nan gaba su riƙa neman bayani daga gare shi kafin su yanke hukunci, amma ya sauya sunan. Daga nan aka samu al'adar da ta daɗe: muƙamin tarayya a jiha ba ya wucewa sai sanatan jihar ya yarda. Wato tun ba a yi wata huɗu da kafa gwamnati ba, aikin jama'a ya fara zama rabon 'yan majalisa.

Waɗanda ba su da mai rubuta musu wasiƙa kuwa, ba a ma zancensu. A 1802 aka yi dokar da ta hana duk wanda ba farar fata ba ɗaukar wasiƙun gwamnati, dokar da ta tsaya har 1865. Sanayya tana zagayawa ne cikin da'irar waɗanda suka san juna, kuma da'irar ƙarama ce.

"Ai shugaba sai da mutanensa"

Wannan ita ce hujja ta biyu da ake kawowa, kuma tana da ƙafa. Wanda ya ci zaɓe ya yi alkawura, ba zai cika su da hannun mutanen da ke fatan ya faɗi ba.

Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya kawo wannan hujjar, kuma yana da dalili. John Adams, shugaban da Jefferson ya gada, ya cika ofisoshi da 'yan jam'iyyarsa, har surukinsa William Smith ya ba muƙamin kwastam a New York a 1800, bayan majalisa ta ƙi shi a wani muƙamin soja shekara biyu kafin nan. A kwanakinsa na ƙarshe, bayan ya sha kaye, Adams ya yi ta naɗa alƙalai har daren da zai sauka. Jefferson ya hau a watan Maris na 1801 ya tarar kusan ko'ina abokan hamayya ne.

Sai ya fara cirewa. A garin New Haven ya cire shugaban kwastam Elizur Goodrich, wanda Adams ya naɗa makonni kaɗan kafin ya sauka, ya sa Samuel Bishop, dattijo ɗan shekara 77, mahaifin wani fitaccen mai yi wa jam'iyyar Jefferson yaƙin baka. 'Yan kasuwar garin suka rubuta koke cewa tsohon ba zai iya aikin ba.

Amsar da Jefferson ya ba su a watan Yulin 1801 ta shahara. Ya ce idan kowane ɓangare yana da haƙƙin a dama da shi, ta ina gurbi zai samu, alhali masu mutuwa a kan kujera kaɗan ne, masu murabus kuwa babu? Ya ce idan aka gyara wannan rashin daidaito, zai yi farin cikin komawa yanayin da tambayoyi uku kawai za a yi game da mai neman aiki: mai gaskiya ne? Zai iya? Yana biyayya ga tsarin mulki?

Mutane suna son ambaton tambayoyin nan uku, suna mantawa cewa ɗage su ya yi zuwa wani lokaci. Sai an rama tukuna. Kuma wannan "tukuna" ba ta da ranar ƙarewa, don duk wanda ya zo bayansa shi ma zai tarar da mutanen wani, shi ma yana da ramuwar da zai yi.

Na yarda shugaba ya zaɓi ministocinsa da jakadunsa da masu ba shi shawara daga cikin waɗanda ya amince da su. Waɗannan da shi suka zo, da shi za su tafi. Amma mai auna buhun sukari a bakin tashar jirgin ruwa, da mai ware wasiƙu, da akawun da ke rubuta lissafi, me ra'ayinsu na siyasa zai ƙara wa ma'auni? Kilo ba ya da jam'iyya. Matsalar Amurka ta wancan zamani ita ce an ƙi jan layi tsakanin waɗannan biyun. A 1820 ma sai aka yi dokar da ta taƙaita wa'adin masu kwastam da lauyoyin gwamnati da makamantansu zuwa shekara huɗu, don haka kowane sabon shugaba yana samun guraben rabawa ba tare da ya kori kowa ba.

Hujjar Jackson, wadda ta fi kowacce ƙarfi

Andrew Jackson ya hau mulki a 1829 da ƙuri'un talakawan turawa, manoma da 'yan ƙwadago. Ya tarar da ofisoshin da wasu iyalai suka daɗe a ciki har sun ɗauke su kamar gado. A jawabinsa na farko ga majalisa a watan Disamban shekarar, ya ce ayyukan gwamnati masu sauƙi ne, ko ana iya sauƙaƙa su, yadda duk mai hankali zai iya koya, kuma daɗewa a kujera tana sa mutum ya ɗauki ofis kamar dukiyarsa. Don haka a riƙa juyawa.

Ba zan yi wa wannan magana rowar gaskiya ba. Wanda ya taɓa zuwa ofis ya tarar da ma'aikacin da ya shekara ashirin a tebur ɗaya yana kallon jama'a kamar masu roƙo, ya san abin da Jackson yake nufi. Kuma mutanensa sun bankaɗo sata ta gaske: wani babban mai binciken kuɗi a baitulmali, Tobias Watkins, an same shi da cin kuɗin gwamnati aka ɗaure shi. Adadin waɗanda Jackson ya cire ma bai kai yadda ake zuzutawa ba, wajen ɗaya cikin goma ne a farkon mulkinsa.

Amma tambayar ita ce, da wa aka maye gurbinsu, kuma ta wace ƙofa suka shigo? Ba a buɗe ƙofa ga kowane mai hankali ba. An buɗe ta ga wanda ya yi wa jam'iyya aiki. Editocin jaridun da suka yi masa yaƙin zaɓe sun samu muƙamai. An sauya ɗaruruwan shugabannin gidajen waya, kuma gidan waya a lokacin shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan farar hula na tarayya, yana kowane ƙauye. A watan Janairun 1832, Sanata William Marcy na New York ya miƙe a majalisa ya faɗi abin da kowa ke yi a ɓoye: su ba su ga laifi ba a ƙa'idar cewa ganimar abokin gaba ta wanda ya ci yaƙi ce.

Ganima. Kalmar da ya zaɓa ke nan. Zaɓe ya zama yaƙi, ofishin da talaka ke biyan albashinsa ya zama kayan da aka ƙwato.

Ga abin da ya biyo baya. Kwastam ita ce jijiyar kuɗin gwamnatin Amurka a lokacin, kuma tashar New York ita ce mafi girma. Jackson ya ba Samuel Swartwout shugabancinta, mutumin da ya daɗe yana goya masa baya. Martin Van Buren, ɗan New York ne kuma na hannun daman Jackson, ya gargaɗe shi a kan mutumin. Bai ji ba. A 1838 Swartwout ya bar aiki ya hau jirgi zuwa Ingila, aka duba littattafan ofishinsa aka tarar da giɓin sama da dala miliyan 1.2, a kuɗin wancan zamani. Wanda Van Buren, da ya gaji Jackson a mulki, ya sa a madadinsa, Jesse Hoyt, shi ma da giɓi ya bar kujerar a 1841.

Waɗanda suka tsaya wa Swartwout a siyasance har ya samu kujerar, me ya same su?  Wannan shi ya sa nake cewa abin ya daina zama shaida. Mai tsayawa lamuni a kasuwa, idan wanda ya tsaya wa ya gudu da kaya, shi ake kamawa. Tsayawar da ba ta da hasara ga mai tsayawa ba lamuni ba ce.

Kuma ba manyan ɓarayi kaɗai ne hasarar ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda jam'iyya ta ba aiki, jam'iyya yake yi wa aiki. Aka wayi gari ma'aikata suna yanka wani kaso na albashinsu suna kai wa jam'iyya, wanda ya ƙi ya san makomarsa. Har a 1882, kwamitin yaƙin zaɓen jam'iyya mai mulki yana aika wa ma'aikatan gwamnati wasiƙar neman kashi biyu cikin ɗari na albashinsu. Talakan da Jackson ya ce zai 'yanta daga hannun iyalan manya, sai ya faɗa hannun ubangidan siyasa, yana biyan haya a kan kujerarsa.

'Yan adawar da suka yi ta zagin Jackson kuwa, da suka karɓi mulki a 1841 sai suka yi irin abin da ya yi. Shugaba Abraham Lincoln ma a 1861, ƙasa na shirin tsagewa gida biyu, masu neman aiki sun cika masa farfajiya, kuma ya sauya mafi yawan waɗanda ke hurumin naɗinsa. Ba a samu jam'iyyar da ta hau ta ce ta yafe nata rabon ba.

"To amma ai ta ci gaba"

Ta ci gaba, amma ba da wannan ta ci gaba ba. Ƙasa mai faɗi, da gonaki, da baƙi masu kwararowa, da gumin bayi, su suka ɗauki nauyin ɓarnar. Gwamnatin tarayya ƙarama ce a lokacin, ba ita ke riƙe da asibitin mutum ko wutar lantarkinsa ba. Mu da rayuwarmu ta rataya a kan ma'aikacin lafiya da malamin makaranta da jami'in tsaro, ba mu da wannan sararin.

Kuma Amurkawan da kansu ba su ɗauki abin a matsayin abin alfahari ba. Tun 1865 ake kai ƙudurin gyara majalisa yana mutuwa. A 1871 aka kafa hukumar gyara a zamanin Shugaba Grant, 'yan majalisa suka hana ta kuɗi har ta mutu, don gyaran zai raba su da abin da suke rabawa.

Sai ranar 2 ga Yulin 1881. Shugaba James Garfield, wata huɗu da hawa mulki, yana tashar jirgin ƙasa a birnin Washington, wani mai suna Charles Guiteau ya harbe shi. Guiteau ya yi watanni yana zarya tsakanin fadar shugaban da ma'aikatar harkokin waje, yana neman a tura shi Paris a matsayin ƙaramin jakada, don a ganinsa ya taimaka an ci zaɓe. Mutum ne mai taɓin hankali, ba na musun haka. Amma tunanin da haukarsa ta kama, cewa wanda ya yi wa jam'iyya hidima yana bin gwamnati bashin kujera, ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Tunanin kowa ne a lokacin. Garfield ya yi wata biyu da rabi yana jinya, ya rasu ranar 19 ga Satumba.

Ko wannan bai isa ba sai da jam'iyya mai mulki ta sha kaye a zaɓen majalisa na 1882. Sannan a watan Janairun 1883 aka sa hannu a dokar Pendleton. Wanda ya sa hannun, Chester Arthur, shi kansa tsohon shugaban kwastam ɗin New York ne da ya tashi cikin wannan tsarin. Dokar ta kawo jarrabawar gasa, ta hana tilasta wa ma'aikaci ba jam'iyya kuɗi, ta hana korarsa don ya ƙi. Da farko wajen kashi goma cikin ɗari na ayyukan kawai ta shafa, aka yi ta faɗaɗa ta shekara da shekaru.

Akwai sashe ɗaya a cikinta da nake so ɗan bokon nan ya karanta. Ya ce masu ɗaukar aiki ba za su karɓi ko su duba wasiƙar sanata ko ɗan majalisa game da mai nema ba, sai dai in ta tsaya ga halinsa ko mazauninsa. Wato takardar babban mutum da dattijon rumfa ya aika yaron nan nema, ita ce Amurka ta rubuta doka ta ɗaure shekara sama da 140 da suka wuce.

Tsoron da ke ƙarƙashin maganar

Na san akwai abin da mutanenmu ba sa faɗa a fili. Suna tsoron idan aka ce jarrabawa zalla, yankunan da suka riga mu shiga boko za su kwashe guraben, namu 'ya'yan su tashi a tutar babu. Don haka gara a bar ƙofar baya, ko ba komai wani namu zai shiga.

Tsoron na gaske ne, amma maganinsa ba alfarma ba ne. Ita wannan dokar ta 1883 ta tanadi a raba guraben ma'aikatun Washington tsakanin jihohi gwargwadon yawan jama'arsu, sannan a yi gasa. Mu ma a Najeriya muna da ƙa'idar daidaito tsakanin jihohi a tsarin mulki tun 1979. Ana iya ware wa jiha kasonta, sannan 'ya'yan jihar su fafata a fili. Abin da alfarma ke yi shi ne ta ɗauki kason jihar gaba ɗaya ta kai gidaje goma. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ɗan manomin da ya yi karatu da fitilar aci-balbal shi ne ake cewa ya jira. Ba ɗan wata jiha ne ya ƙwace masa gurbi ba.

Wani kuma zai ce zumunci fa? Allah ya ɗaukaka ka, ka ƙi jan ɗan'uwanka? Ka ja shi da abin da yake naka. Ka biya masa kuɗin makaranta, ka ba shi jari, ka zaunar da shi ka shirya shi don jarrabawa, ka sa shi a shagonka. Kujerar gwamnati ba taka ba ce, ajiya ce. Abu Zarrin, Allah ya ƙara masa yarda, sahabi ne na kusa, amma da ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, sai ya ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Bai ba shi ba.

Ban ce a daina ba da shaida ba. Malamin da ya koyar da yaro, da shugaban da ya yi aiki da shi, su faɗi abin da suka sani. Amma a rubuta sunan mai shaidar a cikin fayil ɗin ma'aikacin, a buga sakamakon jarrabawa da maki a inda kowa zai gani, kuma ranar da aka kama ma'aikacin da hannu a asusu, a kira wanda ya tsaya masa ya zo ya yi bayani. Idan aka yi haka, wasiƙun za su ragu da kansu.

Yaron rumfar nan na haɗu da shi shekaranjiya a bakin masallaci. Na tambaye shi labarin takardar. Ya ce ya je gidan wani babba sau uku, maigadi yana cewa Yallaɓai ya yi tafiya. Ya ce ranar Litinin zai sake komawa.